Yadda za ka samu takardar shaidar 'yan sanda kafin ka bar ƙasa, musamman mu na Zariya

Cikin duk takardun da ake nema in mutum zai fita waje aiki ko karatu ko zama, wallahi babu wadda mutanenmu suka fi rainawa irin takardar shaidar hali ta 'yan sanda, wadda aka fi sani da folis kiliyarans. Mutum zai yi wata shida yana fama da fasfo da jarrabawar Turanci da kuɗin biza, ita kuma ya ce ai wannan kwana ɗaya ne, sai ranar da aka ba shi wa'adi sannan hankalinsa ya tashi. Ni na yi tawa, na kuma tsaya wa ƙanwata da ta samu aikin jinya a Ingila har ta gama tata, kuma tun daga nan kusan duk sati sai wani a Samaru ko Kongo ya tare ni da tambaya a kai, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗi abin da na sani gaba ɗaya.

Da farko dai mu gane mece ce takardar. Shaida ce daga Rundunar 'Yan Sandan Najeriya cewa an duba sunanka da zanen yatsunka a rajistar masu laifi ta ƙasa ba a same ka a ciki ba, ko kuma an samu ga abin da aka samu. Rajistar nan tana ƙarƙashin sashen binciken manyan laifuka na rundunar, tsohon ofishinta da kowa ya sani shi ne na Alagbon a Ikoyi, Legas, shi ya sa har yau za ka ji tsofaffin matafiya suna cewa "sai ka je Alagbon". A da haka ne, ko ka je Legas ko Abuja ko ka aika. Yanzu an mayar da neman ta intanet, ta shafin da ake kira POSSAP, adireshinsa possap.gov.ng. To ka riƙe wannan da kyau: wasiƙar da DPO na unguwarku zai rubuta maka cewa kai mutumin kirki ne ba ita ba ce, takardar rantsuwa ta kotu ba ita ba ce, wasiƙar mai unguwa ko hakimi ma ba ita ba ce. Duk suna da mutuncinsu a inda ake buƙatarsu amma ofishin jakadanci ba zai karɓe su a madadin wannan ba.

Kafin ka taɓa shafin ma, zauna ka ɗauki biro ka lissafa duk ƙasar da ka taɓa zama tun da ka girma. Nan ne mutanen Zariya suka fi faɗawa rami, saboda garin nan cike yake da waɗanda suka yi karatu a waje, malaman ABU nawa ne TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta tura Maleshiya da Ingila, likitoci nawa ne a asibitin koyarwa na Shika suka yi digiri a Sudan ko Masar, ga waɗanda suka yi aiki a Saudiyya shekara da shekaru suka dawo. Ƙasar da za ka ba ta Najeriya kaɗai take tambaya ba, tana so ta san halinka a duk inda ka daɗe. Kanada misali, ga mai neman zama na dindindin ta tsarin Express Entry, tana neman takarda daga kowace ƙasa da ka zauna wata 6 a jere ko fiye a cikin shekara 10 da suka wuce, lokacin da kake ƙasa da shekara 18 ba ya cikin lissafi. Ingila kuma ba kowa take tambaya ba, amma in aikinka na lafiya ne ko koyarwa ko kula da jama'a to dole, kuma ma'auninsu wata 12 ne, ko a jere ko a tattare. Ostireliya ma wata 12 cikin shekara 10, daga shekara 16. Amurka ga bizar zama tana nema daga duk wanda ya kai 16, ƙasarka ta asali da inda kake zaune in ka yi wata 6, sauran ƙasashe in ka yi wata 12, sannan duk inda aka taɓa kama ka komi ƙanƙantar zaman da ka yi. Ka ga kowa da ma'auninsa, don haka kar ka bi abin da abokinka ya yi don shi Kanada ya tafi kai kuma Ingila za ka, ka shiga shafin hukumar shige da fice ta ƙasar da za ka ka karanta da idonka.

Ni shekara uku na yi a Maleshiya, saboda haka sai da na nemo tasu, su a can Ma'aikatar Harkokin Waje ce ke bayarwa kuma ta intanet ake nema, ta tsarinsu na e-Konsular. Wanda ya zauna Ingila, takardar da sauran ƙasashe suke nema ita ce ta ofishin ACRO, ba ta DBS da ake yi wa masu neman aiki a cikin gida ba, mutane na rikita biyun nan sosai. Wanda yake Dubai ko sauran Daular Larabawa ana nema ta manhajar 'yan sanda ko ta ma'aikatar cikin gida. Amma wanda nake so ya fi kowa saurarona shi ne wanda yake Saudiyya yanzu haka yana shirin dawowa ko wucewa wata ƙasa: ɗan'uwa don Allah ka karɓi takardarka tun iƙamarka tana da rai, ta manhajar gwamnatinsu ta Absher ake nema kuma bai da wahala in kana ciki, amma da zarar an buga maka fita ta ƙarshe ka dawo gida, samunta daga nesa ya zama aiki ja. Haka kuma ka adana kwafin iƙamar da shaidar fitarka ta ƙarshe, kar ka yar, wata rana su za su yi maka magana. Kuma wannan shawarar ba ta Saudiyya kaɗai ba ce, duk ƙasar da kake baƙo a cikinta, sati biyun ƙarshe kafin ka tattara kayanka ka je ka karɓi shaidar 'yan sandansu ko da ba ka da niyyar zuwa ko'ina a lokacin. Kana ciki da katin zama da lambar wayar ƙasar da asusun banki komai na tafiya, ka fita kuwa layin ya mutu, katin ya ƙare, sai ka koma roƙon wani ya je maka. Waɗanda suka baro Sudan a guje da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 su ba su da zaɓi, Allah ya kawo wa ƙasar zaman lafiya, amma kai da kake fita da ƙafarka cikin natsuwa ba ka da dalilin bari.

To mu dawo kan ta Najeriya. Abin da za ka tanada kaɗan ne: lambar NIN ko BVN, fasfo ɗinka na tafiya wanda bai ƙare ba, hoton fasfo sabo mai farin baya, imel da kake iya buɗewa, da lambar waya da ke hannunka. Shafin fasfo mai hotonka ka sa a yi maka sikanin mai kyau, shagunan kwamfuta na bakin get ɗin ABU ko na PZ duk suna yi, kar ka ɗauka da waya a kan tabarma haske na ƙyalli a kai rabin lambar ba ya karantuwa.

Amma kafin nan, ajiye fasfo da takardar NIN gefe da gefe ka karanta sunayen harafi bayan harafi. Mu Hausawa wannan ce babbar matsalarmu da takardu. A fasfo Muhammad, a NIN Mohammed, a satifiket na makaranta Muh'd. Wani a firamare an sa masa sunan gari, Soba ko Giwa ko Maƙarfi, ya zo yin fasfo ya sa sunan kaka. Mace ta yi aure ta canza zuwa sunan miji a wuri ɗaya ta bar na uba a wani. Ga ranar haihuwa, rabinmu 1 ga Janairu aka rubuta mana a wani wuri, a wani wurin kuma wata rana daban. Shafin daga NIN ko BVN yake janyo bayananka, don haka in akwai saɓani takardar za ta iya fitowa da sunan da bai dace da fasfo ba, jami'in biza kuma bai san cewa Muhammad da Mohammed mutum ɗaya ne a Tudun Wada ba, shi abin da ke rubuce yake gani. In ka ga bambanci fara gyarawa a wurin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tukuna, gyaran yana cin lokaci, shi ya sa nake cewa wannan binciken ka yi shi watanni kafin ka buƙaci takardar, ba ya cin ko sisi, zama ne kawai na minti biyar.

In komai ya daidaita sai ka buɗe shafin ka yi rajista da kanka, da imel ɗinka da lambarka, ba na mai shago ba. In ba ka iya kwamfuta sosai ba babu laifi mai shago ya taya ka amma ka zauna kusa da shi, kalmar sirrin kuma kai za ka sa, saboda ta wannan asusun za ka riƙa bibiyar inda takardarka ta kwana. Za a turo maka lambar tabbatarwa ka shigar. Daga nan ka zaɓi takardar shaidar hali cikin ayyukan da ke jere, ka nuna cewa ta fita waje ce ba ta amfanin cikin gida ba, ka cike dalilin nema da wurin haihuwa da lambar fasfo da ƙasar da za ka, ka ɗora hoto da shafin fasfon, sannan ka zaɓi inda za a ɗauki yatsunka. Wurin ƙasar da za ka ɗin nan ka natsu, in Kanada ce ka sa Kanada, kar ka sa wata don ka ji an ce duk ɗaya ne.

Akwai tambayar ko an taɓa yanke maka hukunci a kotu. Faɗi gaskiya. Na san abin da kunya, kuma na san wani zai ce ai tun ina saurayi ne an wuce wurin, amma ƙasashen nan sun fi tsananta wa wanda ya ɓoye a kan wanda ya faɗa, Kanada ma haramcin shekara 5 take yi wa wanda ta kama da bayanin ƙarya. In kana da tsohuwar shari'a nemi lauya ya karɓo maka kwafin hukuncin daga kotun, ka san me ke rubuce a kanka kafin wani ya karanta maka. Kuma kai mutum ofishin 'yan sanda kan rigimar gona ko bashi a sasanta a sallame shi daban ne da hukuncin kotu, kodayake wasu fom ɗin biza har kamun ma suna tambaya, ka karanta tambayar yadda take ka amsa ta yadda take.

Bayan ka gama cikewa shafin zai fitar maka da takardar biya mai lamba, ka biya da kati ko ta banki da wannan lambar. Kuɗin da ke jikin takardar nan shi ne kuɗin gwamnati. Duk wanda ya ce ka tura masa asusunsa na kansa zai "shigar maka ta ciki", ka riƙe kuɗinka. Wata ƙawar ƙanwata haka wani ejan ya karɓe mata kuɗi masu yawa, ko yatsanta ba a ɗauka ba, bayan kwana uku ya turo mata takarda ta WhatsApp mai tambari da sa hannu kyakkyawa da ita, Allah ya taimake ta ta nuna mana kafin ta ɗora, muka sa lambar a wurin tantance takardu na shafin ba ta fito ba. Da ta tura wa ofishin jakadanci fa? Ba kuɗin ne abin baƙin cikin ba, sunanta ne zai shiga kundinsu a matsayin mai takardar bogi, yarinyar da ta yi shekara biyar tana karatun jinya tsakaninta da Allah. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Ka'idar mai sauƙi ce, takardar da ba a ɗauki yatsunka ba kafin a ba ka, ka yi shakkarta.

Ɗaukar yatsu kuwa da kanka za ka je. Mu Kaduna muka je, hedikwatar 'yan sandan jiha, daga Kwangila mota ba ta yankewa kuma tafiyar wajen kilomita 80 ce, in ka yi sammako bayan asuba ka isa kafin layi ya yi tsawo ka dawo Zariya ka yi la'asar a gida. Wanda yake da wata hidima a Abuja zai iya zaɓar can tun a fom ya haɗa tafiya ɗaya. Ka tafi da fasfo na asali, takardar NIN, rasit na biya da ka fitar a takarda, da hotuna biyu ko uku a aljihu ko ba a nema ba, da fotokofin komai. Ranar Juma'a ba ranar zuwa ofis ba ce in kana son ka gama a yini ɗaya, ka zaɓi Talata ko Laraba.

Wani abu da ba kowa ke faɗa ba, yatsun kansu. 'Yan'uwa mata don Allah a dakata da lalle a kan yatsu sati biyu zuwa uku kafin ranar, na'urar ba ta son shi, kun dai ji yadda JAMB ke jan kunnen ɗalibai a kan haka. Lokacin hunturun Zariya kuma, wanda kowa ya san yadda yake tsattsaga fata, ka riƙa shafa mai a hannu kwanaki kafin ka je, amma ranar ɗaukar kar ka je da hannu sharkaf da mai. Masu aikin siminti da masu wanki da yawa da ma'aikatan asibiti da ke wanke hannu sau hamsin a yini zanen yatsunsu kan shafe, a ɗan huta wa hannun in da hali. In kana da ciwo a yatsa bari ya warke.

Daga nan sai jira. Kana iya duba matakin da take a asusunka, in an amince za ka samu saƙo. Wani nasa ya fito cikin kwanaki, wani ya ɗauki makonni, don haka ka ba kanka aƙalla wata ɗaya a lissafi. Ranar da ta fito kar murna ta sa ka ɗora ta nan take, karanta suna, lambar fasfo, ranar haihuwa, ƙasar da aka rubuta, da hoton, in akwai kuskure a gyara tun kana kusa.

Yanzu ga inda lissafin yake, kuma nan ne nake ganin dabarar duka take. Takardar Najeriya wata uku ake rubuta mata. Wato in ka yi gaggawa ka karɓa tun ba ka san ranar da za ka shigar da takardun biza ba, za ta mutu a cikin fayil ka sake biya ka sake zuwa Kaduna, in kuma ka yi jinkiri wa'adi ya cim maka. Kowace ƙasa kuma da yadda take kallon shekarun takarda: Kanada tana so ta ƙasar da kake zaune kar ta wuce wata 6 da fitowa ranar da ka shigar, ta ƙasar da ka baro kuma ya zama an bayar da ita bayan zamanka na ƙarshe a can, don haka wadda ka karɓa kafin ka fito ba lallai ta ishe su ba. Amurka shekara 2 take ba takardar. Duk da haka ni shawarata ka yi ƙoƙari ka shigar tun wata ukun da ke jikinta bai cika ba, hankalinka ya fi kwanciya. Mai Express Entry ya tuna kwana 60 kacal ake ba shi ya shigar da takardunsa bayan an gayyace shi, kwana 60 kuma ba komai ba ne in kana jiran takarda daga Maleshiya da wata daga Najeriya lokaci guda. Shi ya sa tsarin da ya fi shi ne na ƙasashen da ka riga ka baro ka fara nemansu tun da wuri tunda a wurin Kanada su ba sa tsufa muddin ba ka koma ka zauna ba, ta Najeriya kuma ka bar ta ƙarshe, amma duk abin da take buƙata, gyaran suna da sabunta fasfo da rajista a shafin, ya zama a shirye yake jira kawai ka danna.

Sai maganar hatimi. Wasu ƙasashen takardar 'yan sanda haka nan ta ishe su, ka yi sikanin ka ɗora shi ke nan. Wasu kuma, musamman ƙasashen Larabawa da wasu na Turai, sai an tabbatar da ita a Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja sannan ofishin jakadancinsu ya ƙara nasa hatimin. In an ce maka ka kawo "afostil", wato hatimi ɗaya na tabbatar da takarda da wasu ƙasashe ke karɓa a tsakaninsu, ka sani Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Heg ta 1961 da ta kafa wannan tsarin, don haka mu hanyarmu ita ce wannan mai hawa biyu, ma'aikata sannan ambasi, duk wanda ya ce zai buga maka afostil na Najeriya ka yi nesa da shi. Ka tambayi kamfanin da ya ɗauke ka aiki ko makarantar a rubuce ko suna son hatimin, saboda kwanakin da za ka kashe a Abuja daga cikin wata ukun nan ake cirewa. In za ka je, mota zuwa Kaduna sannan jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya fi sauƙi ga mai ɗauke da takardun asali, ka sa su a leda mai kauri in damina ce. Takardar da ka kawo daga Saudiyya ko Masar da Larabci kuma za a nemi fassara daga mai fassara da aka amince da shi, Kanada Turanci ko Faransanci kawai take karɓa, kar ka ba ɗalibin Larabci na gidanku ya fassara maka ko da ya fi kowa iyawa, hatimin mai fassarar suke dubawa.

Baƙin da ke zaune tare da mu a nan fa, Indiyawa da 'yan Lebanon da ke Sabon Gari, malaman jami'a 'yan wasu ƙasashe, ɗaliban makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan da suka zo daga maƙwabta, da 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi da suka daɗe a garin, su ma in za su wuce wata ƙasa za a tambaye su shaidar zaman da suka yi a Najeriya. Hanyar ɗaya ce, sai dai su za su haɗa da fasfon ƙasarsu da takardar izinin zama, katin CERPAC na hukumar shige da fice ko katin zama na ECOWAS ga 'yan ƙasashen ƙungiyar, kuma baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana da damar yin NIN. In kana da maƙwabci irin wannan da ke shirin tafiya ka gaya masa ya karɓa kafin ya hau jirgi kuma kafin katin zamansa ya ƙare. Ɗan Najeriya da ya riga ya fita ba tare da ita ba, akwai ɓangaren mazauna waje a shafin, ya bi ta nan, kuɗinsa ya fi na gida, amma ya fi ya tura wa ɗan'uwa a Zariya kuɗi a je a "samo" masa wata da ba a san asalinta ba.

Iyali kuma kowa da tasa. In da matarka za ka tafi ita ma sai ta yi, da duk ɗan da ya kai shekarun da ƙasar ta yanka, 16 ko 18, saboda haka ku duba NIN ɗin kowa rana ɗaya, ku biya rana ɗaya, ku je Kaduna a mota ɗaya don takardun su fito da kwanan wata kusa da juna. In ta zo hannu a yi sikanin mai kala gaba da baya in akwai hatimi a bayan, ka tura wa kanka a imel, ka bar kwafi ɗaya a gida wurin wanda ka yarda da shi, ta asalin kuma ta shiga jakar hannu tare da fasfo ba akwatin da za a auna ba.